Jiragen ruwa na alfarma bayan korona: tambayoyi da amsoshi kan hidima da abinci

Tun da jiragen yawon shaƙatawa suka koma teku a 2021, tsofaffin fasinjoji ke ta muhawara a kan abu ɗaya. Wasu na cewa komai ya dawo daidai, har ma ya fi da. Wasu kuma sun rantse cewa an rage musu mudu, an kuma ƙara musu kuɗi. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa.

Wane irin jirgi ake nufi da "na alfarma"?

Ba kowane jirgi mai ƙyalƙyali ba ne. Masu harkar suna nufin ƙananan jirage, galibi masu ɗaukar fasinja 200 zuwa ƙasa da 1,000, inda kuɗin tikiti ya haɗa da abinci, abin sha da tukwicin ma'aikata, wani lokaci har da yawon da ake kai mutane a garuruwan da aka tsaya. Sunayen da aka fi sani su ne Regent Seven Seas, Silversea, Seabourn, Crystal, Ponant na Faransa da Hapag-Lloyd na Jamus. Bayan annoba an sami sababbin shiga: Ritz-Carlton ta fito da jirginta Evrima a 2022, kamfanin MSC kuma ya fito da jirgin farko na Explora Journeys a 2023. Oceania, Viking da Azamara suna mataki ɗaya ƙasa da waɗannan, ko da yake masoyansu ba sa son jin haka.

Don a ga tazarar, Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600. Wannan gari ne guda a kan ruwa, kuma ba shi muke magana a kai ba.

Da gaske ne hidima ta ja baya bayan annoba?

Ta ja baya a 2022, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ake ja a kai shi ne ko ta farfaɗo gaba ɗaya. A ganina ta farfaɗo a yawancin jirage, amma akwai abin da bai dawo yadda yake ba, wato tabbas. A da mutum zai biya kuɗin wani kamfani ido rufe, ya san abin da zai tarar ko a wane jirginsu ya shiga. Yanzu jirage biyu na kamfani ɗaya suna iya bambanta sosai, har ma jirgi ɗaya yana iya zama abin yabo a Maris ya zama abin ƙorafi a Yuni, saboda an sauya manajan otal na jirgin (mai kula da ci da sha da kwana) ko babban kuku, ko kuma ma'aikata da yawa sun gama kwantiragi an kawo sababbi a lokaci guda.

Shi ya sa mutum biyu za su yi ta jayayya, ɗaya na yabo ɗaya na kushe, alhali kowannensu gaskiya yake faɗa.

To me ya sami ma'aikatan?

Nan ne gindin maganar. A Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, mutum sama da 700 suka kamu daga cikin kusan 3,700 da ke ciki. Ranar 14 ga Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana jiragen yawo tashi daga tashoshin ƙasar, kuma cikin 'yan makonni harkar ta tsaya cak a duniya. Dubun-dubatar ma'aikata suka maƙale a cikin jirage wata da watanni, ƙasashe sun rufe iyakoki, babu jirgin sama da zai mayar da su gida. Yawancinsu 'yan Filifins ne da Indonesiya da Indiya, sai wasu daga Gabashin Turai da Kudancin Amurka.

Da suka isa gida, aikin ya ɗauke sama da shekara. Babban jirgi na farko da ya sake tashi da fasinja daga Amurka shi ne Celebrity Edge, a ƙarshen Yunin 2021, kuma a daidai wannan lokaci ne Silversea da Seabourn suka koma aiki daga Girka. Mai iyali ba zai zauna wata goma sha biyar yana jiran waya ba. Wani ya buɗe ɗan shago, wani ya sami aiki a otal, wani kuma ya ɗanɗani kwana a gida kullum ya ce shi da teku har abada. Waɗanda suka fi saurin samun wani aikin su ne mafi ƙwarewa, wato ainihin waɗanda jirgin alfarma ya dogara da su.

Waɗanda suka so komawa kuma sai suka ci karo da layin biza a ofisoshin jakadancin Amurka, da sharuɗɗan allurar rigakafi, da takardun aikin teku da wa'adinsu ya ƙare. A 2022 kamfanin jiragen yawo na Cunard ya rage yawan fasinjojin da yake ɗauka a wasu tafiye-tafiye saboda ƙarancin hannu, kamfanin Carnival kuma ya rufe wasu gidajen abinci na cikin jiragensa na ɗan lokaci. A kan wannan sai ga sababbin jirage suna fitowa daga ma'aikatar ƙira, kowanne yana buƙatar ɗaruruwan mutane. Al'adar kamfanoni ita ce su tsamo gwanaye daga tsofaffin jirage su kai sabo don ya fara da ƙafar dama. Tsofaffin jiragen kuwa sai a cike gurbin da sababbin ɗauka.

Adadi ya cika cikin shekara ɗaya ko biyu. Ƙwarewa ba ta cika da sauri haka, da tsohuwar zuma ake magani. Mai sabis da ya shekara goma a ɗakin cin abinci yana gane teburin da ke sauri da wanda ke son a bar shi ya yi hira, yana tuna wanda ba ya shan madara tun daren farko, yana hango matsala kafin ta iso tebur. Sabon yaro mai fara'a da ƙoƙari ba ya da wannan, sai ya yi kwantiragi uku ko huɗu, kowanne na wata shida zuwa tara.

Ba a ce kusan kowane fasinja da ma'aikacinsa ba?

Haka ake talla, kuma lissafin bai yi nisa da gaskiya ba. Seven Seas Splendor na ɗaukar fasinja kusan 750 da ma'aikata kusan 550. Icon of the Seas kuwa ma'aikata 2,350 ne ke kula da dubban nan da muka ambata. Sai dai a tuna cewa adadin ya haɗa da injiniyoyi, matuƙa, masu wanki, masu kiɗa da masu gadi, mutanen da fasinja ba zai taɓa ganin yawancinsu ba. Sannan dokar ƙasa da ƙasa ta aikin teku ta 2006 ta wajabta wa kowane ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. In aka rasa mutum uku a ɗakin cin abinci saboda rashin lafiya, ba za a ce sauran su kwana a tsaye ba. Lissafin yana gaya maka abin da jirgi zai iya yi, ba ya gaya maka abin da zai yi a daren Talata.

Abincin fa? Ya lalace ne ko kuwa baki ne ya canza?

Ruwa ba ya tsami banza, ƙorafin yana da tushe. Amma "lalacewa" kalma ce mai nauyi. Abin da ya faru ya fi kama da a riƙa zare zare ɗaya-ɗaya daga jikin zane. Jerin abincin dare da ke da zaɓi bakwai ya koma biyar. Lobsta, wata dabbar teku mai ɓawo da tsada, da ke fitowa sau uku a tafiya ta koma sau ɗaya, ko kuma sai an tambaya. Yankan nama mai tsada ya ba wa mai sauƙin kuɗi wuri, an lulluɓe shi da romo mai kyau. 'Ya'yan itatuwa masu saurin lalacewa sun ragu a teburin karin kumallo. Wanda ya shiga karon farko ba zai lura da ko ɗaya ba, zai sauka yana santi. Wanda ya yi tafiya ashirin da kamfanin shi ke ƙirga abin da ya ɓace.

Dalilan a fili suke. Kowane kicin na jirgi yana aiki ne da kason kuɗi da aka yanka masa a kan kowane fasinja kowace rana. A Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta mamayi Yukiren, ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Murar tsuntsaye ta ɗaga farashin ƙwai a Amurka, fari a Sifaniya ya sa man zaitun ya yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024. In kayan miya sun hau, kason bai hau daidai da su ba, to kuku ne zai san dabarar da zai yi.

Akwai kuma batun jigila. Jirgi ba ya aika yaro kasuwa. Yawancin naman da kifin daskararre da busassun kaya ana turo su ne cikin kwantena zuwa tashar da jirgi zai yi lodi, makonni kafin ya iso. A 2021 da 2022 kwantenoni sun yi ta makara. Daga ƙarshen 2023 hare-haren Bahar Maliya suka sa jirage da yawa, na kaya da na yawo, kewayawa ta ƙasan Afirka. In kwantena ba ta iso ba, dole a saya a inda aka tsaya, abin da aka samu shi za a dafa.

Na uku shi ne hannu. Kicin ɗin jirgi ba ya amfani da buɗaɗɗiyar wuta saboda tsoron gobara, da lantarki ake komai, a wuri matsattse, ƙasa tana lilo. Fitar da faranti ɗari huɗu cikin awa biyu kowanne da zafinsa aiki ne na mutanen da suka saba da juna. Yawancin koke-koken da aka yi bayan annoba a kan abinci mai sanyi ne, ko naman da ya wuce yadda aka ce a gasa, ko doguwar jira tsakanin faranti da faranti. Waɗannan alamun ƙarancin ƙwarewa ne, ko da kayan da aka saya na ƙwarai ne.

Ba duka ne baya aka ci ba. Abincin ganyayyaki ya inganta sosai, kuma kamfanoni sun fi mai da hankali kan girkin yankin da jirgi ke ratsawa. Silversea ta ɓullo da shirinta na S.A.L.T. a jirgin Silver Moon a 2021, inda jerin abincin ɗaya daga gidajen abincin jirgin ke sauyawa gwargwadon ƙasar da aka isa.

Jirage cike suke, kuɗin tikiti ya hau. Me ya sa har yanzu ake tsuke bakin aljihu?

Bashi. Jirgi ko yana tsaye yana cin mai, yana cin albashi da inshora. Carnival Corporation, uwar kamfanin Seabourn da Cunard, ta yi asarar sama da dala biliyan 10 a 2020 kaɗai, bashinta kuma ya haura dala biliyan 30. Royal Caribbean, wadda ta kammala mallakar Silversea a Yulin 2020, da Norwegian, mai Regent da Oceania, su ma sun ciwo bashin biliyoyi don su rayu, wani da kuɗin ruwa mai tsanani.

Fasinja sun dawo fiye da da. Ƙungiyar kamfanonin, CLIA, ta ce mutum miliyan 29.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2019, a 2023 kuma miliyan 31.7, a 2024 ya haura miliyan 34. Amma cikar jirgi ba ta tilasta wa kowa ya ƙara kashe kuɗi a kicin. Akasin haka ma, kamfanin da ke sayar da ɗakunansa shekara guda kafin tafiya ba shi da abin da ke matsa masa ya dawo da lobsta ta uku. Abin lura a nan shi ne yawancin sunayen alfarma 'ya'ya ne a gidan manyan kamfanoni, kuma shawarar kuɗi daga sama take saukowa.

An dawo da abincin ɗebi-da-kanka?

An dawo da shi a yawancin jirage tun 2022. Wasu sun bar tsarin ma'aikaci ya zuba maka, kuma ni na fi son haka, cokali ɗaya da hannu ɗari suka taɓa ba abin kewa ba ne. Takardar jerin abinci ma ta dawo bayan zamanin da sai ka ɗauki hoton lamba da waya. Atisayen ceto kuwa ya sauƙaƙa a kamfanoni da dama: ka kalli bidiyo a ɗaki, ka je a nuna maka wurin taruwarka.

Ta yaya zan san kicin ɗin yana da tsafta?

Wannan ne ɓangaren da ba sai an dogara da jita-jita ba. Tun shekarun 1970 CDC ke da shirin duba tsaftar jiragen da ke shiga tashoshin Amurka. Masu duba suna hawa ba sanarwa, a ƙa'ida sau biyu a shekara, su auna sanyin firji, ruwan sha, wuraren wanka, ma'ajiyar abinci, su ba da maki cikin 100. Maki 86 zuwa sama ne cin jarrabawa. Sakamakon da cikakken rahoton suna shafin hukumar, kowa na iya dubawa da sunan jirgi. Ana kuma wallafa ɓarkewar ciwon ciki, galibi norobairas, idan ta kama kashi 3 cikin ɗari na fasinja ko na ma'aikata. Sai dai maki 100 shaidar tsafta ce kawai. Ana iya dafa abinci marar daɗi a kicin mai sheƙi.

Sunan shahararren kuku a ƙofar gidan abinci yana da wani amfani?

Yana da shi, amma kada ka zaci shi ne a gaban tukunya. Shi ke tsara jerin abincin, ya horar da waɗanda za su dafa, mutanensa su riƙa leƙowa. Crystal na da gidan Umi Uma na Nobu Matsuhisa, Oceania ta daɗe da Jacques Pépin. Seabourn ta rabu da Thomas Keller, daga 2024 ta maye gurbin gidansa na gasasshen nama da wani mai suna Solis da ke girkin yankin Bahar Rum. Wasu sun kira wannan ragin kuɗi, wasu sun ce dama sun gaji da jerin da ba ya sauyawa.

Ni dai ba a nan nake auna jirgi ba. Babban ɗakin cin abinci a dare na shida, da ƙwan da aka kawo ɗaki ƙarfe bakwai na safe, su ke faɗin gaskiyar kicin.

Me ya faru da Crystal? Na ji an ce ya rushe.

Ya rushe, ya kuma tashi. Uwar kamfaninsa, Genting Hong Kong, ta durƙushe a Janairun 2022, aka kama Crystal Symphony da Crystal Serenity a Bahamas saboda bashin mai. A tsakiyar shekarar A&K Travel Group ta sayi sunan da jiragen biyu, ta haɗe ɗakuna don su yi faɗi, Serenity ya koma ɗaukar mutum 740, Symphony 606, suka dawo aiki a 2023. Jirginsa na uku, Endeavor, Silversea ce ta samu. Sababbin masu kamfanin sun nemo tsofaffin ma'aikatan da yawa, kuma da wannan suka fi yin talla, abin da ke nuna inda su kansu suka san darajar take. Darasi ɗaya ga mai biyan kuɗi: da kati ake biyan irin wannan tafiya, a kuma yi inshorar da ta haɗa da rushewar kamfani, domin waɗanda suka ba Crystal kuɗi kafin 2022 sun sha jira.

Ina da abin da ba na ci. Za a kula da ni?

A nan ƙaramin jirgi ya fi babba nesa ba kusa ba. Amma tun ran gini ran zane. Ka sanar a rubuce lokacin biyan kuɗi, makonni da yawa kafin tafiya, domin abu kamar naman halal ko na kosha (yankan Yahudawa) sai an yi odarsa ya biyo kwantena. Kada ka wadatu da "ba matsala" a waya, ka nemi amsa a rubuce da ke faɗin abin da za a tanada. Ranar da ka shiga ka nemi shugaban ɗakin cin abinci, yawanci zai riƙa kawo maka jerin gobe tun yau ka zaɓa. Ka tambaya game da romo da kayan zaƙi, domin girkin Turai yana yawan sa giya da kitsen alade da jelatin a inda ba a zato. Wanda ba ya shan giya kuma ya sani cewa kuɗinta na cikin tikitin jiragen "komai a ciki", ko ya sha ko bai sha ba. Wani lokaci kamfanin da ke sayar da abin sha daban ya fi masa riba.

Kafin in biya, me zan duba?

Jirgin da kansa za ka bincika, sunan kamfani bai isa ba. Ka karanta sharhin waɗanda suka sauka daga wannan jirgi cikin wata shida da suka wuce, ka yi watsi da na 2022, zamaninsa ya wuce. Ka fi ba da nauyi ga mai faɗin takamaiman abu, kamar minti nawa ya jira ko me aka kawo masa, a kan mai cewa "komai ya lalace". Ka kuma lura ko tsohon fasinja ne mai auna yau da 2018, ko sabo ne da ya taso daga manyan jirage. Ma'auninsu ba ɗaya ba ne.

Tafiyar farko ta sabon jirgi, ko ta farko bayan gyara, ta masu haƙuri ce. Hanya ma tana da tasiri: jirgin da ke tsayawa kullum a tashoshin Italiya da Girka yana samun ɗanyen kifi da ganye, wanda ya bar Ushuwaya ta Ajantina zuwa Antatika kuwa zai yi kwana goma ko fiye ba kasuwa, latas ɗin ranar ƙarshe ba zai yi kama da na ranar farko ba.

Na shiga, abin bai yi mini ba. Wa zan gaya wa?

Ka faɗa a ranar, ga wanda zai iya gyarawa. Matsalar tebur ta shugaban ɗakin cin abinci ce, ta ɗaki kuma ta shugabar masu gyaran ɗaki ko hadimin da aka haɗa ka da shi. In an kwana biyu ba canji, ka nemi ganin manajan otal, shi ne shugaban duk abin da ya shafi ci da sha da kwana, kyaftin tuƙi ne nasa. Wasu kamfanoni na raba takardar jin ra'ayi a tsakiyar tafiya, kuma ana karanta ta da gaske. Sauya tebur ko sauya mai sabis abu ne da ake yi kullum ba tare da an ɓata wa kowa ba. Wasiƙar da aka rubuta bayan an koma gida abin da ta fi jawowa shi ne rangwame a tafiya ta gaba.

Tunda tukwici na cikin tikiti, in ƙara wani abu?

Ba dole ba ne, kuma ba wanda zai tsaya yana kallon hannunka. Mai son ƙarawa yana iya ba wanda ya yi masa hidima ta musamman, ko ya saka a asusun walwalar ma'aikata ta teburin karɓar baƙi, wanda ke kaiwa har ga masu wanke-wanke da masu wanki da ba a gani. Abin da ma'aikatan da kansu suka fi roƙo shi ne a rubuta sunansu a takardar ra'ayi ta ƙarshen tafiya, domin da ita ake duba ƙarin girma da sabunta kwantiragi. Ka riƙa rubuta sunayen a waya tun ranar farko, ranar sauka ba za ka tuna rabinsu ba.